Ƙasaru a Bakin Teku

A ƙasar Adar, idan aka ce wane yana Abijan, ba lalle ba ne a same shi cikin birnin Abijan. Sunan ya haɗiye ƙasar Kodebuwa gaba ɗaya, tun daga gonakin koko har bakin teku, kamar yadda kakanni kan ce Gwanja ko Kurmi su nufi duk inda goro ke fitowa. Tsohuwar da ke zaune a Garhanga ko Tamaske ko Allakai tana cewa ɗanta yana Abijan, tana hango masa fitilu da benaye, alhali mai yiwuwa yana can wani ƙauyen masunta inda ko mota ba ta isa, sai an shiga kwalekwale. Irin wannan ƙauye shi ne Lahu-Kpanda, kimanin kilomita 150 yamma da Abijan: wani siririn tudun rairayi da aka matse tsakanin tekun Atlantika da tafkin Tagba, daf da inda kogin Bandama ke zuba ruwansa. Nan tsohon garin Gran-Lahu yake, da kantunan Turawa da gidajen hukuma, kafin teku ya matsa wa gaɓa da ci, a kwashe ofisoshi a shekarun 1970 a kafa sabon gari can cikin ƙasa. Waɗanda suka rage su ne mutanen Abikam masu garin, da masunta Fanti da suka zo daga Gana. A irin wannan wuri, kamar ko'ina a wannan gaɓa, ba a rasa wani Ba'adare mai ɗan kanti.

Ba a buƙatar sunansa, domin daga Madawa zuwa Buza zuwa Keita babu unguwar da ba ta da irinsa. Ya fara fita biɗa yana saurayi, bayan farin 1984, shekarar da gonar ubansa ba ta ba da ko dami goma ba. Da fari cin rani ne: a tafi bayan an sa hatsi rumbu, a komo kafin ruwan shuka. Ya yi dako a kasuwar Ajame, ya tura baro, ya tsaya bayan teburin wani ɗan garinsu mai sayar da garba, wato aceken nan da soyayyen kifi wanda sunan Bahaushe ya bi. Daga baya damina ɗaya ta wuce bai komo ba, sannan biyu. Da ya haɗa ɗan jari, birni ya yi masa tsada, masu irin sana'arsa kuma suka yi yawa, sai ya bi gaɓa yamma har ya sami inda babu mai sayar da sukari da ashana. Wajen 1997 ya je gida ya yi aure, ya taho da amarya, tafiyar sama da kilomita 2000 ta Yamai da Wagadugu da Bobo. Ya gaya wa surukansa shekara biyu ne, in ta yi tsawo uku.

Ranar gidan tana somawa tun kafin asalatu, domin masunta ba sa jiran hantsi. Maigida yakan buɗe tagar kanti da cocila a hannu, ya miƙa burodi da sukari da ganyen shayi da batir ga mutanen da za su tura jirage cikin raƙuman ruwa, akasarinsu bashi, sai an komo da kifi a biya. Yana da littafi mai baƙin bango inda kowane jirgi ke da shafinsa, rubutun ajami da lambobin boko a gauraye. Idan teku ya yi kyauta, kafin magariba an soke layuka; idan ya hana, sai a yi mako ana ƙara su. Ranar Talata Fanti ba sa shiga ruwa bisa al'adarsu, ranar ake ɗinkin taru a inuwar kwakwa, ita ce kuma ranar da ya fi cinikin taba da lemo. Juma'a yakan haye tafki zuwa sabon gari, inda Jula da Mosi da Hausawa ke da masallaci, ya yi salla, ya sari kaya, ya komo da jirgin yamma. Mutumin da ya girma inda ake yin rabin yini da jaki don ruwan kwana ɗaya, yau ruwa ne gabansa, ruwa ne bayansa, na rijiyar gidan kuma zartsi ne, ko sabulu ba ya kumfa a ciki yadda ya kamata.

Uwargida kuwa, tana yarinya ta ɗauki dutse a ka a aikin farfaɗo da ƙasa na Keita, wanda aka soma a 1984 da tallafin Italiya da hukumomin abinci na Majalisar Ɗinkin Duniya, inda mata suka fi yawa a fagen aiki saboda maza suna biɗa. Ta san yadda ake jera dutse a tare ruwa a kan fako, ta san darajar kowane ɗigo. Abin da ba a koya mata ba shi ne yadda ake yi da ruwan da ya yi yawa. Shekararta ta fari ta ƙare cikin yaƙi da laima: kuka da kuɓewar da ta ƙullo daga gida suka yi fumfuna, kwanonin jerenta suka yi tsatsa, wanki ya kwana uku a igiya bai bushe ba. Damina biyu ake yi a shekara, babba da ƙarama, ruwan da ke sauka kuma ya ninka na Keita sau uku ko huɗu. Hatsi sai an aiko, saboda haka fura ta koma abincin azumi da na marar lafiya, tuwon masara da aceke suka maye gurbinta. Maƙwabciyarta, wata matar Fanti mai faɗin murya, ita ta koya mata bandar kifi, da hannu da ido, tun babu harshen da ya haɗa su. Ita ce kuma ta karɓi haihuwarta ta fari, cikin dare, lokacin da babu jirgin da zai haye tafki zuwa asibiti.

A ƙarƙashin gadonsu akwai akwatin ƙarfe. Cikinsa akwai katin ofishin jakadanci, da takardun haihuwar yara a naɗe cikin leda, da turamen zane da ba a taɓa ɗinkawa ba, da kuɗin mota na mutum shida da ba a taɓawa ko da ciwo. Ɗakin da suke ciki haya ne, bangon gora, rufin kwano da gishiri ya huda. Shekara ashirin da ƴan kai maigida bai sa masa ko bulo ɗaya ba. A can ƙauyensu kuwa yana da gidan siminti mai ɗaki huɗu da ƙofar ƙarfe shuɗiya, an gama shi tun 2009, a kulle, gara da jemagu ke kwana ciki. Duk wanda ya tambaye shi yaushe zai komo, amsa ɗaya ce: bayan salla, in Allah ya yarda.

Nan ne tambayar take, kuma tambaya ce ta ɗabi'a kafin ta zama ta tattalin arziki: shekara nawa mutum zai yi a wuri yana da damar cewa shi baƙo ne? Harshen Hausa ya haɗa abu biyu cikin kalma guda. Baƙo shi ne wanda ba a sani ba, shi ne kuma wanda ake shimfiɗa wa tabarma a kawo masa ruwa. Faransanci ya raba su, sai dai shi ma ya yi nasa haɗin ta wani gefe, domin a cikinsa kalma ɗaya ke nufin mai masauki da wanda aka saukar. Baƙunci matsayi ne mai rangwame. Ba a sa baƙo aikin gayya, ba a biɗar gudummawar gyaran rijiya daga hannunsa, ba a tambayarsa ina ya tsaya a rigimar gari. Hausawa na cewa baƙo raɓa ne, kuma dalilin rangwamen yana cikin maganar: raɓa ba ta wuce hantsi. Wanda ya karanta Risala a makarantar zaure ya san yadda shari'a ta auna wannan sauƙi. An yardar wa matafiyi ya yi ƙasaru, ya mayar da raka'a huɗu biyu, amma a mazhabar Malikiyya da zarar ya yi niyyar zaman kwana huɗu a wuri, sauƙin ya ƙare, sai ya cika salla kamar kowa. Kwana huɗu kacal. Mai kantin Lahu-Kpanda ya san wannan hukunci sarai, tun makon farko yake cika sallarsa. Amma a sauran haƙƙoƙin zama, na maƙwabci da na gari da na ƴaƴan da aka haifa a wurin, yana nan yana ƙasaru kusan shekara talatin.

Sai dai kafin a yanke masa hukunci, adalci ne a buɗe akwatin nan a ga abin da ya cika shi. Tarihi ne a ciki. A 1969 gwamnatin Busiya ta kori baƙi daga Gana, ƴan Nijar da yawa suka komo da abin da hannu zai iya ɗauka. A 1983 Najeriya ta yi irin haka. A Kodebuwa kanta, ƙasar da Ufuwet-Buwanyi ya buɗe wa maƙwabta har ƙidayar 1998 ta nuna kashi 26 cikin 100 na mazaunanta baƙi ne, an shigo da katin izinin zama a farkon shekarun 1990, wanda ya zama hanyar tatsar talaka a kowane shingen hanya har aka soke shi ga ƴan yankin a 2007. Dokar filaye ta 1998 ta keɓe mallakar ƙasar karkara ga ƴan ƙasa. A ƙarshen 1999, a Tabu, can ƙarshen wannan gaɓa, rigimar gona ta sa aka kori dubban ƴan Burkina waɗanda wasunsu a nan aka haife su. Da yaƙi ya ɓarke a watan Satumba na 2002, mai kantin ya sa iyalinsa a mota zuwa Adar, suka yi shekara guda. Haka ya sake yi a 2011. A watan Mayu na 2021 wani hoton bidiyo na ƙarya ya isa a far wa ƴan Nijar a wasu unguwannin Abijan. A watan Janairu na 2025 kuma Nijar ta fice daga ƙungiyar CEDEAO, wadda yarjejeniyarta ta 1979 ta ba shi izinin shiga da fita. Mutumin da aka yi ta tuna masa cewa shi raɓa ne, da wuya a zarge shi don bai kafa saiwa ba. Gida biyu maganin gobara, in ji masu iya magana, kuma shi ya ga gobarar da idonsa.

Akwai hujja ta biyu, ita ma mai nauyi. Kowace jika da bai kashe a bakin teku ba, tana da bakin da ke jiranta a Adar. A yunwar 2005, lokacin da tiyar hatsi ta gagari talaka a kasuwannin Buza da Keita, gidajen da suka tsaya da ƙafafunsu galibi su ne masu ɗa a waje. Kuɗin kantin nan ya yi wa ƙanne uku aure, ya kai tsohuwa asibitin Galmi, ya fanshi gonar da aka jinginar. Malaman fiƙihu da suka ce a raba zakka inda dukiya take, su ne kuma suka yarda a kai ta nesa idan na nesa sun fi bukata. Wa zai ce masuntan da ke da kifi da rogo da kwakwa sun fi bukata bisa ga mutanen da ke jiran ruwan wata uku a kan dutse?

Duk wannan gaskiya ne, amma bai rufe maganar ba, domin akwai waɗanda ba a yi shawara da su ba lokacin da aka zaɓi zaman wucin gadi. Yara huɗu suka tashi a gidan. Sun iya iyo kafin su iya karatun Fatiha, suna Faransanci a lakwal, suna Nushi, wato Faransancin titi, da abokansu, suna jin Abikam da Fanti, Hausa kuwa ta tsaya musu a iyakar aike da faɗa. Uban ya hana su teku, ya hana su cin abinci a wasu gidaje, ya hana babbar ɗiyar zuwa bikin ƙawayenta, kullum da dalili ɗaya: mu ba ƴan nan ba ne. To, ƴan ina ne? Malaman makarantun Tawa da Madawa sun san waɗannan yara, domin sukan faɗo musu aji a tsakiyar shekara duk lokacin da ƙasar kudu ta rikice: yaro ya fi kowa Faransanci, amma bai iya gaida tsoho ba, fura tana ɓata masa ciki, ƴan aji suna kiransa ɗan Abijan, shi da a can ake kiransa ɗan Nijar. Idan aka ga halinsa ya bambanta da na iyaye sai a ce albasa ba ta yi halin ruwa ba. Manoman kwarin Tarka, waɗanda albasarsu ke cika kasuwannin Abijan, sun san maganar ba ta cika daidai ba: albasa halin ƙasar da aka dasa ta take yi, kuma wanda ya dasa shi ya zaɓi ƙasar. Masanin zamantakewa ɗan Aljeriya, Abdelmalek Sayad, wanda ya ƙare rayuwarsa yana nazarin ƴan ƙasarsa a Faransa, ya nuna yadda mai hijira da danginsa da ƙasar da ta karɓe shi sukan haɗa baki, ba tare da sun faɗa ba, su riƙa ɗaukar zaman a matsayin na ɗan lokaci, domin kowannensu yana da riba cikin wannan ruɗi. Littafinsa da ya fito a 1999, bayan rasuwarsa, a kan rashi biyu yake magana, rashin mutum a can da rashinsa a nan. Uba yana iya ɗaukar wannan rashi don shi ya zaɓa, kuma yana da ƙauyen da yake gani idan ya rufe ido. Ɗa kuwa gadonsa ya yi, kuma idan ya rufe ido rairayi da kwakwa yake gani.

Sannan ga maƙwabta. Wata shekara iska ta kware rufin lakwal ɗin ƙauyen, aka bi gida gida ana tara kuɗi. Mai kanti ya ba da abin da baƙo kan bayar, ɗan kaɗan na fita kunya, ko da yake ƴaƴansa uku suna zaune ƙarƙashin wannan rufi. A watan nan kuma ya aika da ninkinsa goma ga ƙungiyar ƴan garinsu da ke tara kuɗin sabon masallaci a Adar, inda za a karanta sunansa a bainar jama'a. Babu wanda ya ce masa uffan, amma an lura. A nan ya kamata a rarrabe abu biyu da ake yawan cakuɗawa. Zama ɗan ƙasa abu ne na takarda, hukuma ke bayarwa, hukuma ke hanawa, kuma mai kanti ba shi da iko a kai. Maƙwabtaka kuwa babu ofishin da ke ba da ita. Dokar 1998 ta hana shi mallakar fili, amma ba ta hana shi ɗaukar kwano a gyara rufi ba. Waɗanda suka kori mutane a Tabu ba su ne matar da ta yanke wa ɗansa cibiya ba. Idan mutum ya ɗauki laifin hukuma da na ƴan siyasa ya biya da shi bashin maƙwabci, ya ci amanar wanda bai yi masa kome ba. Addinin da yake bi ya tsananta haƙƙin maƙwabci ba tare da ya tambayi addinin maƙwabcin ko ƙabilarsa ba, kuma bai ce sai maƙwabcin ƙauyen haihuwa ba. Abin mamaki shi ne mai kanti ya san ƙauyen fiye da yadda yake yarda: littafin bashinsa ya san jirgin da ya yi asara, da gidan da aka yi rashi, da matar da mijinta ya gudu. Sau da yawa yakan yi shiru a kan bashin da ya san ba za a biya ba. Yana aikata maƙwabtaka da hannu, yana musunta ta da baki.

Kakanninsa fatake sun fi shi sanin wannan. Kalmar zango asalinta masaukin ayari ne, inda ake sauke jakuna a kwana ɗaya a wuce. Amma zangon Kumasi da Sabon Zangon Akara sun haura shekara 100, suna da sarakunansu da limamansu da makarantunsu da maƙabartunsu. Waɗanda suka kafa su ba su daina zama Hausawa ba, ba su kuma daina aike gida ba. Sun dai yarda cewa inda aka binne uwa aka haifi jika ya wuce masaukin dare ɗaya, suka nemi wuri wajen masu gari, suka ɗauki nauyin da ke kansa. Sun riƙe sunan zango, suka bar halin matafiyi.

Ita ma Adar, da ake cewa dominta ake wannan tsumulmula, tana da nata ƙorafi. Kuɗi yana zuwa, mutum ba ya zuwa. Layukan dogon yaro da aka soma dasawa a kwarin Majiya a 1975 don kare gonaki daga iska, da shingayen dutse da ramukan tassa da suka mayar da fako gona a tuddan Keita, hannu ne ya yi su, kuma mafi yawa hannun waɗanda aka bari a gida. Ƙanen mai kanti shi ke noma gonar gado, shi ke kwana da tsohuwa a asibiti, shi ke zuwa gaban hakimi idan an yi rigimar iyaka, amma idan aka zo yanke shawara sai a jira muryar Abijan ta wayar salula, domin daga can kuɗi ke fitowa. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Wannan karin magana ba zagi ba ne, bayanin yadda abu ke gudana ne. Gidan siminti mai shuɗiyar ƙofa alkawari ne da aka gina da bulo, kuma kowace damina sai ƙanen ya hau ya toshe inda yake yoyo.

Akwai wani abu da ba a faɗa ba tukuna game da gidan. Ɗan farin nan da matar Fanti ta karɓa bai cika shekara biyu ba, zazzaɓi ya ɗauke shi cikin kwana uku a babbar damina. Mai garin Abikam ya ba da wuri a gefen maƙabartar ƙauye, Musulmi biyar suka yi masa salla, aka sa shi cikin rairayi yana fuskantar alƙibla. Uwar, bisa kunyar ɗan fari, ba ta taɓa kiran sunansa ba yana raye, ba ta kuma kira ba bayan ya tafi. Shekaru suka wuce, bakin kogin Bandama yana matsowa, teku yana cin gaɓa taku bayan taku. Masana suna danganta abin da hauhawar ruwan teku da kuma raguwar ƙarfin kogin tun da aka gina madatsar Kosu a farkon shekarun 1970. Gidajen zamanin Turawa suka faɗa ruwa ɗaya bayan ɗaya. A shekarun 2010 ruwa ya iso maƙabarta. Mutanen gari suka shiga tone iyayensu da kakanninsu suna kai su wuri mai nisa da gaɓa, waɗanda ba su yi sauri ba kuma suka wayi gari teku ya riga su.

Mai kanti ya rikice, domin a saninsa ba a tone kabari. Ya kira wani malami a Madawa, tsoho wanda bai taɓa ganin ruwan da ya fi tafkin damina ba. Malamin ya ce a ba shi zuwa gobe. Da ya duba, sai ya samu malaman Malikiyya sun halatta a ɗauke mamaci daga kabarinsa saboda lalura, idan za a yi ba tare da keta alfarmarsa ba, kuma cikin misalan da suka bayar har da tsoron kada teku ya ci shi. Ya yi shekara 40 yana wuce wannan layi yana ɗaukarsa irin misalan da malamai kan kawo don cika babi. Saura tambayar da malami ba zai amsa ba: a kai shi ina? Adar ta yi nisa, kuma babu mai ɗaukar ƙasusuwan jariri ya ƙetare iyaka biyu. Abin da ya rage shi ne sabon wurin da mutanen gari suka keɓe wa nasu. Sai mai kanti ya sa hularsa, ya tafi wajen mai gari, ya tsaya cikin layin masu neman wuri, bayan wani masunci da ke cikin littafin bashinsa tun bara. Ba a tambaye shi kati ba. An tambaye shi dai ko yana da masu taya shi tono, domin rairayin yana rufzawa, aikin ba na mutum ɗaya ba ne. Kafin ya amsa, masuncin ya ce shi da ƴaƴansa za su zo ranar Talata.

Daren Litinin uwargida ta jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado. Ta ɗaga takardu, ta ɗaga turamen zane, ta ciro wani farin yadi da aka ajiye tun shekarar da aka gama gidan siminti, don labulen ɗakinta na can. Ta auna kamu biyu ta yaga, ta miƙa wa mijinta.

“Malam, wannan zai isa?”

“Zai isa, har ya yi saura.”

Ta mayar da sauran, ta rufe akwatin, ta tura shi inda yake. Da safe ba ta bi su ba, tunda mata ba sa zuwa. Ta zauna wajen murhun banda tare da maƙwabciyarta, wadda yanzu ta tsufa, idonta ya yi rauni saboda hayaƙi. Su biyun suna juya kifi, ba mai cewa kome, har maza suka komo da rairayi a ƙafafunsu. Ɗan autan gidan, wanda ya riƙe wa ubansa shebur, shi ya zo ya gaya mata wurin: bayan itacen mangwaro na biyu, kusa da kakar abokinsa.

Da magariba wayar maigida ta yi ƙara. Ƙanensa ne daga Adar, yana ba da labarin an yi ruwan shuka, bangon gabas na gidan siminti kuma ya tsage, ana bukatar buhu uku. Ya ce zai aiko ranar Juma'a idan ya haye. Ƙanen ya ce tsohuwa tana kusa, tana tambaya yaushe za a gan su.

“Ka gaya wa Inna bayan salla,” in ji shi, “in Allah ya yarda.”